Yadda za ka zama likitan tsirrai mai farautar bairas, daga nan Kano

Ƙanin wani abokina ne ya tare ni ranar Juma'a bayan an sakko masallaci, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa, wai shi likitanci ya nema amma aikin gona aka ba shi a jami'a. Na ce masa malam kwantar da hankalinka, gyaɗa ma tana kwanciya rashin lafiya, kuma masu duba ta ba su da yawa a garin nan. Abin da na faɗa masa a tsaye ne zan shimfiɗa a nan, don na san akwai irinsa da yawa, maza da mata.

Ka fara da sanin abin da ya taɓa faruwa a gidanku. A 1975 cutar nan da manoma ke cewa kuturtar gyaɗa ta faɗa wa arewacin Najeriya, ta cinye wajen hekta 700,000 a damina ɗaya, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250. Ba ita kaɗai ta rushe dalar gyaɗar Kano ba, akwai farin da aka yi kafin nan, ga kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, amma ita ce ta karya gwiwar manoma da yawa suka koma wake da gero. Darɓa ce ke ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro, kuma abin mamakin shi ne ba ƙwaya ɗaya ba ce, abubuwa uku ne ke haɗuwa, bairas biyu da wani ɗan guntun RNA, wato wani nau'in ƙwayar gado, da ke raɓe da su, ɗaya shi ke ba da rigar da darɓa ke iya ɗauka, ɗan guntun nan kuma shi ke jawo yawancin alamun da kake gani. In wannan labarin bai motsa ka ba to gaskiya ka nemi wani layin tun da wuri.

Maganar karatu ba ta da tsawo. Digirin aikin gona shekara 5 ne, ka karkata sashen kare amfanin gona, akwai shi a BUK akwai a ABU Zariya. Wanda ya karanci ilimin tsirrai ko na ƙananan halittu shi ma ƙofa a buɗe take, a mastas ake haɗuwa. Kada dai ka yi wasa da kemistiri da lissafin ƙididdiga, su biyun nan za su bi ka har ka yi ritaya.

Inda nake so mu daɗe shi ne ido. Wallahi na ga ɗalibai masu sakamako mai kyau da in ka kai su gona ba za su bambance tsiron da yunwar taki ta kama da wanda bairas ya kama ba. Yunwar taki yawanci gonar take bi gaba ɗaya ko ɓangaren da ƙasar ta gaji, in na yuriya ne ganyen ƙasa ke fara yin ɗorawa bai ɗaya. Shi kuwa bairas tsinta yake yi, wannan ya kamu na kusa da shi lafiya lau, sabon ganye ya fito dabbare-dabbare kore da ɗorawa, ko ya ƙudundune, tsiron ya tsumbure ya ƙi tashi. A masara za ka ga zane-zane dogaye suna bin tsawon ganye, wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke kawo wannan. A tumatir ganye ya nannaɗe sama kamar cokali fure ya zube, juya bayan ganyen ka girgiza za ka ga farin ƙuda ya tashi kamar an busa toka. Duk wannan ba a aji ake koyonsa ba, ka shiga mota ka tafi Kadawa ko Kura ko Bunkure lokacin noman rani, ka yi sallama ka gaida mai gona yadda ya kamata, ka ce Baba yaushe ka fara ganin wannan, a ina ka sayi iri, ta wane gefe ta fara shigowa. Wani dattijo ya taɓa nuna min gyauron gyaɗa a bakin fadama ya ce ɗana nan take kwana da rani, kuma maganarsa daidai take da ta littafi, a irin wannan gyauron darɓa da cutar ke samun mafaka har ruwa ya sauka.

Ka kuma koyi cewa wannan ba nawa ba ne. A 2016 da sharon ta share tumatir a Kano mutane suka riƙa kiranta ebolar tumatir, da yawa sun ɗauka bairas ce, alhali tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ce mai suna Tuta absoluta. Wuta-wuta ita ma ciyawa ce mai tsotson saiwa. In ka kira komai bairas manoma za su daina sauraronka.

Sai ɗibar samfur, nan ne ni na sha kashi. Lokacin ina mastas na yi sati uku ina yawon gonaki a kan babur, na tara ganye sama da ɗari a leda na jera a firizar wani ɗakin gwaji, aka tafi hutun sallah aka ɗauke wuta janareto ba mai, da na dawo na buɗe firiza warin da ya buge ni har yau ina jin sa, komai ya zama miyar kuka. Tun daga ranar ban ƙara yarda da firiza ita kaɗai ba. Ka sayi silika jel, ƙwayoyin nan masu shanye laima irin wanda ake sakawa a kwalin sabon takalmi, ka yanka sabon ganye mai alama ka sa a ambulan ko 'yar kwalba tare da su ya bushe, ka raba kowane samfur gida biyu ka ajiye a wuri biyu. Kowanne ka rubuta masa lamba da fensir, biro gumi ke wanke shi, ka ɗauki hoto, ka ɗauki lambobin GPS da wayarka, ka rubuta sunan iri da ranar shuka. Ka ɗebo har da ganyen da ka ga lafiyayye ne don kwatance. Kuma in kana shan sigari ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa tumatir ɗin mutane, bairas ɗin taba yana bin hannu. Shi ne ma bairas na farko da ɗan Adam ya gano, Ivanovsky ɗan Rasha ya tace ruwan ganyen taba a 1892 ya ga cutar ta wuce matatar da ke tare bakteriya, Beijerinck ɗan Holan ya tabbatar a 1898 cewa wata halitta ce daban. Ka ga ke nan ilimin bairas gaba ɗayansa daga gona ya faro.

A ɗakin gwaji abu biyu za ka fara ƙwarewa a kai. ELISA, wanda Clark da Adams suka daidaita wa tsirrai a 1977, faranti ne mai ramuka 96, ka niƙa ganye ka ɗiga ruwan a ramukan, ka wanke ka sake ɗigawa ka sake wankewa har bayanka ya ƙage, a ƙarshe ramin da ke da bairas ya rikiɗe ya zama ɗorawa a kan idonka, ranar farko da ka ga haka sai ka ji kamar ka yi guɗa. Na biyu PCR, shi ke ninka ƙwayar gadon bairas ɗin har ta ganu. Bairas ɗin rogo da na zanen masara da na nannaɗewar tumatir ƙwayar gadonsu DNA ce, kai tsaye ake yi, na kuturtar gyaɗa da na shinkafa RNA ne sai an fara juya shi zuwa DNA. In ka samu jerin harufan ƙwayar gadon ka shiga GenBank, rumbun irin waɗannan bayanai a intanet, kyauta ka kwatanta da na sauran duniya. Kada ka jira sai makarantarku ta sayi inji, nemi inda yake ka je ka roƙa ko wankin kwalabe ne a ba ka. IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana da tasha a nan Kano da gonar gwaji a Minjibir, babban ɗakin gwajin bairas ɗinta yana Ibadan inda aka kafa ta a 1967, ICRISAT, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ita ma tana nan cikin gari kuma gyaɗa na cikin abin da ta fi riƙewa, ga cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta BUK, ga IAR, cibiyar binciken noma ta ABU a Samaru, mai fitar da irin gyaɗa na SAMNUT da irin wake na SAMPEA. Lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, da bautar ƙasa shi ne damarka, ka nemi a tura ka irin wuraren nan maimakon zaman ofis kana cin gyaɗar da ya kamata ka bincika.

Wurin zaɓen abin da za ka yi mastas da digiri na uku a kai, ɗauki amfanin gona ɗaya ka manne masa. Ni da zan sake farawa tumatir da barkonon rani zan kama, ko bairas ɗin wake masu bin iri, tunda yawancin manomanmu daga abin da suka girbe ko daga kasuwa suke ɗibar irin baɗi. Sufabaiza kuma kar ka bi girman suna, tambayi ɗalibansa a ɓoye shekara nawa suke yi kafin su gama, kuma yana karanta abin da aka kai masa ko sai dai ya ajiye a bayan mota. Kuɗi kuwa, in ka samu koyarwa a jami'ar gwamnati akwai TETFund, akwai sikolashif na Commonwealth da DAAD ta Jamus, mata kuma ku duba AWARD, shirin tallafa wa matan Afirka masu binciken noma. Duk za su tambayi abin da ka wallafa, to ka guji mujallun nan da za su karɓi kuɗinka su buga maka takarda cikin kwana uku, masu tantancewa sun san su sarai.

Abu ɗaya da za ka saba faɗa, kuma ba daɗi: tsiron da bairas ya kama ba shi da magani. Manomi zai zo da ganye a leda ya ce Malam wane ruwa zan fesa, dole ka ce masa Alhaji wannan sai dai a tuge a binne, feshi ƙwaron kawai zai rage. Abin da ke hannunka shi ne na baɗi, iri mai juriya kamar SAMNUT 24, shuka da wuri kuma a cike ba tazara mai yawa don darɓa ta fi son gona mai sarari, tuge gyauro, rufe gadon renon tumatir da raga. Wani zai ji wani zai wuce shagon magani ya kashe kuɗinsa, sai ka koma masa baɗi.

Shi dai yaron na ce ya same ni ranar Asabar da sassafe da malafa da littafi da fensir, Kadawa za mu.