Yadda Nake Kurkure Baki Idan Miyau Ya Ƙafe

Tun da na fara shan maganin hawan jini, nakan farka harshena ya manne da ganɗa, da ƙyar nake haɗiya. Ruwan kurkure baki ne ya kawo mini sauƙi, amma ba kowanne ba. Duba jikin kwalbar: in da alkohol, ajiye shi, ƙara busar da baki yake. Nemi mai sinadarin zailitol (xylitol, wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari), irin wanda ake kira Biotène.

Zuba mililita 15, ka kurkura daƙiƙa 30 har ya ratsa ƙarƙashin harshe, sannan ka tofar. Kada ka bi shi da ruwa. Kafin barci kam ba na fashi, don da dare miyau ke raguwa, kuma shi ke kare haƙora daga ruɓewa. In bushewar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, nuna wa likita magungunan da kake sha.