Darasi na Tara: Zirga-zirga a Makka Ba Tare da Larabci Ba

Alhazanmu da yawa sun iya karatun sallah, amma Larabcin titi da na kasuwa daban ne. Kada wannan ya tayar muku da hankali. Wanda ya iya karanta lamba zai iya komawa masaukinsa ko da bai furta kalma ɗaya ba.

Masallacin Harami yana da ƙofofi masu yawa, kuma baƙo zai ga duk sun yi kama da juna. Kowace tana da lambarta. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad kuma 79. Kafin ku shiga, ku ɗaga kai ku karanta lambar, ku rubuta ta a takarda. Da an sallame sallah jama'a ke tuɗaɗowa waje, kuma wanda ya fita ta wata ƙofar daban sai ya yi ta yawo cikin rana, musamman tsofaffi.

To, a nan sai an natsu, domin Larabawa suna da nasu salon rubuta lamba. Wanda ya saba duba shafukan Alƙur'ani ya taɓa ganinsu. Guda uku ne suka fi ruɗa ɗan boko. Wannan, ٥, ta yi kama da sifili, amma biyar ce. Wannan, ٦, ta yi kama da bakwai, amma shida ce. Sifili kuwa ɗigo ne kawai: ٠. In kun ga ٥٠ a jikin kaya, riyal 50 ke nan. Rubutun Larabci daga dama yake farawa, amma lambobi daga hagu ake karanta su, kamar na boko. Don haka ٧٩ ita ce 79.

Ranar da kuka sauka, ku karɓi katin masauki mai ɗauke da suna da adireshi cikin Larabci. Shi za ku nuna wa direba ko askarawa in kun ɓata. Katin Nusuk kuma, wato katin shaidar alhaji da hukumomin Saudiyya ke bayarwa, kada ya bar wuyanku. Kafin ku shiga mota ku daidaita kuɗi: ku ce "kam?", wato nawa, direba ya rubuta muku a waya.

Aikin yi

1. Mayar da waɗannan zuwa lambobin boko: ٥، ٦٠، ٥٦، ٦٥.
2. An ce maka gyale riyal ٦٥ ne, ka miƙa 100. Nawa ne canjinka?
3. Ku zama biyu-biyu. Ɗaya direba, ɗaya alhaji, ku yi cinikin mota ba tare da Hausa ba.