Yadda na shigar da sabon injin wanke kwanuka gurbin tsohon

Injin ya ƙi shigewa, saura santimita 4. Faɗin gurbi 60, na inji 59.8, matsalar ba nan take ba. Sauke ƙafafunsa ma bai taimaka ba.

Ashe tiyo ne ke naɗewa a bayansa. Na kashe wuta da famfo, na jawo shi, na huda rami mai faɗin santimita 6 a bangon kabad ɗin sinki, ƙasa ta baya. Na zura tiyon ruwa, tiyon magudana da waya ta ramin, ina turawa ana jansu ta ƙarƙashin sinki. Ya shige tsaf.

Na ɗaga ƙafafu har ya daidaita, na ɗaure sukurori biyu a ƙasan kanta. Tiyon magudana na ɗaure shi sama, kada dattin sinki ya koma ciki. Alhamdulillahi, babu yoyo.