Shirin shiga gasar sinuka ta duniya ta waɗanda ba ƙwararru ba

Gasar IBSF, wato ƙungiyar sinuka da biliyad ta duniya, ba a shigarta kai tsaye, hukumar sinuka ta ƙasarka ce ke tura suna. Don haka fara da gasar cikin gida.

Yi atisaye a cikakken tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Ƙyallen teburin gasa ya fi santsi, ramukansa kuma matsattsu ne. Ƙwallon da ka saba jefawa da ƙarfi, a nan sai ya daki bakin rami ya dawo. Sassauta hannu.

Kada ka sauya fatar kan sandar buga ƙwallo ana gobe wasa. Sabuwa sai ta yi kwanaki kafin ta zauna, ko ka goga alli tana iya zamewa.

Kuskure ɗaya maki 4 ne aƙalla ga abokin karawarka, 7 idan baƙin ƙwallo ya shafa. Kayan sawa kuwa, ka tanadi falmaran da baƙin takalmi.