Yadda nake karanta bayan kwalin fizar da ba nama

Da yawa daga cikinmu mazauna Ingila muna ɗaukar fizar firiza mai tambarin "Vegan" don gudun naman alade da yankan da ba mu san asalinsa ba. Tambarin yana nufin babu nama, babu madara, babu ƙwai, kuma a nan amfaninsa ya tsaya. Bai ce komai ba kan irin sarrafawar da abincin ya sha, ko yawan gishirin da ke ciki. Wannan sai kun juya kwalin.

Ku fara da jerin kayan haɗi. Doka ta ce a jera su bisa nauyi, mai yawa a gaba, mai kaɗan a baya. Fulawar alkama, ruwa da tumatir su ya kamata su buɗe jerin. Daga nan nake tambayar kaina abu guda: cikin abubuwan nan, wanne ne ba zan samu a kicin ɗina ba? Wannan tambayar ita ce zuciyar tsarin NOVA, wanda Farfesa Carlos Monteiro da abokan aikinsa na Jami'ar Sao Paulo a Barazil suka fito da shi. Sun kasa abinci gida huɗu: wanda ba a taɓa ba ko aka ɗan taɓa, kamar tumatir da fulawa, kayan girki, kamar mai da gishiri da sukari, wanda aka haɗa daga waɗannan biyun, kamar burodin gidan burodi, sai na huɗu, wanda masana'anta ta harhaɗa da abubuwan da ita kaɗai ke da su. Mafi yawan fizar kwali a gida na huɗu take, da nama ko babu.

Inda na fi daɗewa shi ne cuku. Cukun gaske madara ne da gishiri da abin da ke daskarar da shi. Na tsiro kuwa galibi ruwa ne da man kwakwa da sitaci, sai ɗanɗano da launi. Man kwakwa ne ke sa shi narkewa, sitacin da aka sauya wa hali, mai lamba irin E1422, shi ke ba shi danƙo, E160a kuma, launin da ake samu a karas, shi ke ba shi rawaya. Illarsa a fili take: furotin kusan babu, kitse mai daskarewa kuma da yawa, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na man kwakwa irin wannan kitsen ne. Uwar da ta ba yaro wannan tana zaton ta ba shi abin gina jiki, mai da sitaci ta ba shi, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Idan akwai gutsattsarin da aka yi don su kwaikwayi nama, za ku ga furotin da aka tatso daga waken suya ko alkama, tare da E461, wanda ake yi daga zaren tsiro. Yana ƙanƙamewa idan ya ji zafi, shi ya sa gutsuren ba ya wargajewa a tanda. Wake ɗaya ne da na awararmu, amma awara jiƙawa ce da niƙa da tafasa da ruwan tsami, aikin da kowace mace za ta yi a tsakar gida.

Kada lambobin E su tsorata ku haka kawai. Harafin yana nufin an tantance sinadarin an amince da shi a Turai. E330 tsamin da ke cikin lemun tsami ne, E500 bakar hoda ce, E415 da E412 na kauri ne. Hukumomi kan sake dubawa, kamar yadda Tarayyar Turai ta hana E171 mai sa fari a 2022. Ni ina ɗaukar yawansu a matsayin shaidar nisan da abincin ya yi da asalinsa. Biyu daga cikinsu sun shafe mu Musulmi: E471 ana iya yin sa daga kitsen dabba, E920 mai tausasa kwaɓi ana iya samunsa daga gashin tsuntsu. A fizar da ke da tambarin tsiro zalla, ba daga dabba suka fito ba. Sai dai tambarin bai hana giya ba, don haka ku duba miyar tumatirin.

Abin da ya fi lambobin nan haɗari shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana. A Ingila, abin da ya haura giram 1.5 cikin giram 100 ana yi masa jar alama, haka kitse mai daskarewa idan ya wuce giram 5. Ku lura, sau da yawa lissafin rabin fiza ne suke bugawa a gaban kwali, alhali mutum ɗaya ke cinye ta. Fiza mai giram 350 da gishiri 1.2 a kowane giram 100 ta ba ku giram 4.2 a zama guda. Ga mai hawan jini, na ranar ya kusa ƙarewa.

Akwai kuma batun ƙoshi. A 2019 Kevin Hall ya yi gwaji a Amurka da mutum 20: mako biyu a kan abincin masana'anta, wato na gida na huɗu, mako biyu a kan wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana.

Idan na tsaya gaban firiza, wadda ta fi gajeren jeri nake ɗauka, mai ganye da tattasai da albasa a sama, ba naman kwaikwayo. In na samu marinara, tsohuwar fizar birnin Nafoli mai tumatir da tafarnuwa da man zaitun wadda dama can ba ta da cuku, ita ce zaɓina. A gida sai in soya awara in yayyanka a kai, in raba fizar biyu, in cike farantin da kwaɗon kabeji.