Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a tambayoyin ma'anar kalmomi na jarrabawar JAMB da yadda za a gyara su

Duk wanda ya zauna jarrabawar UTME ta hukumar JAMB domin neman gurbi a jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha yana fuskantar tambayoyi 180, waɗanda 60 daga cikinsu na Turanci ne, sauran darussa ukun kuma kowanne yana da 40. Kaso mai tsoka na tambayoyin Turancin ya ta'allaƙa ne a kan kalmomi, domin za a kawo jimla a ware kalma ɗaya a cikinta, a nemi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana ko kuma kishiyarta, a wani wurin kuma a kawo nassi mai guraben da ake so a cike. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan sashe a matsayin gwajin yawan kalmomin da mutum ya haddace, alhali abin da mai tsara tambayar yake son gani shi ne ko ɗalibi ya gane aikin da kalmar take yi a cikin jimlar da ke gabansa. Daga wannan rashin fahimta ne mafi yawan kurakuran suke tasowa.

Babba daga cikinsu shi ne haddar kalma da ma'ana guda ɗaya tak, sau da yawa ma da fassarar Hausa a gefenta, sannan a riƙe wannan ma'anar a duk inda aka haɗu da kalmar. A ɗauki jimla irin wannan: "The government took measures to check the spread of cholera", a ce an ware "check", zaɓin kuma ya ƙunshi "examine", "control", "confirm" da "record". Ɗalibin da ya san kalmar a matsayin dubawa zai miƙa hannu kan "examine" tun kafin idonsa ya kai ƙarshen layin, kuma an ajiye wannan zaɓi a wurin ne musamman saboda shi. Amma gwamnati ba ta ɗaukar matakai don ta zauna tana kallon kwalara tana yaɗuwa, daƙile ta take son yi, saboda haka "control" ce amsa. Haka abin yake ga "novel" idan ta zo kafin "idea", inda take nufin sabon abu, da "pedestrian" idan aka siffanta jawabi da ita, inda take nufin marar armashi. Kalmomin da ɗalibi yake ganin ya san su tun yana ƙaramar sakandare sun fi baƙin kalmomi kayar da shi, domin baƙuwar kalma tana sa shi ya tsaya ya yi tunani, sananniya kuwa tana sa shi gaggawa.

Gyaran wannan yana da sauƙin faɗa, ko da yake yana buƙatar sabo. Kafin ɗalibi ya kalli zaɓin da aka ba shi, ya karanta jimlar har ƙarshe, ya ɗauka babu kalmar da aka ware a wurin, ya sa tasa kalmar mai sauƙi a gurbin, ko da Hausa ce ta zo masa a rai. Bayan haka sai ya nemi zaɓin da ya fi dacewa da abin da ya riga ya ƙudurta, daga ƙarshe kuma ya mayar da zaɓin cikin jimlar ya sake karantawa, ya ji ko maganar ta zauna. Wajen amfani da ƙamus ma haka ne, a daina tsayawa kan ma'anar farko, a bi ta biyu da ta uku tare da misalan jimlolin da aka kawo a ƙarƙashin kowacce.

Akwai kuma wanda da zarar ya ga kalmar da bai taɓa gani ba sai gabansa ya faɗi, ya danna kowane harafi ya wuce. Wannan asara ce marar dalili, saboda jimlar da aka tsara domin jarrabawa kusan kullum tana ɗauke da alamar da za ta kai mai lura ga amsa. Misali: "Although the landlord was known to be parsimonious, he paid for the new borehole without being asked." Ko mutum bai taɓa jin "parsimonious" ba, kalmar "although" ta riga ta sanar da shi cewa rabin jimlar na farko ya saɓa wa na biyu, kuma tun da rabi na biyu ya nuna mai gidan haya ya biya kuɗin rijiyar burtsatse ba tare da an roƙe shi ba, to halin da aka san shi da shi kishiyar kyauta ne, wato rowa. Kalmomi irin su "but", "yet", "despite" da "whereas" suna juya akalar magana, su kuwa "because", "so" da "therefore" suna ci gaba da ita a kan hanya ɗaya. Waɗanda suka fi ɓoyuwa su ne "hardly", "scarcely" da "seldom", domin suna kore magana ba tare da an ga "not" ba, kuma mai karatu cikin sauri yakan tsallake su ya fahimci jimlar a juye.

Wani kuskuren na sakaci ne kawai, amma yana cin maki ƙwarai: a nemi kishiya, ɗalibi ya kawo mai kama. Yakan faru ne idan mutum ya amsa tambayoyin "nearest in meaning" a jere, hannunsa ya saba, sai umarni ya koma "opposite in meaning" bai lura ba, kuma akan sa kalma mai ma'ana ɗaya da wadda aka ware a cikin zaɓin. Maganinsa shi ne karanta umarnin kowace tambaya kamar ita ce ta farko.

Sha'awar dogon Turanci ma tana da nata kason. Mun taso a inda ake jinjina wa mai jero manyan kalmomi a wurin muhawara, don haka idan ɗalibi ya rasa tabbas sai ya zaɓi kalmar da ta fi tsawo ko ta fi kwarjini, yana zaton jarrabawar shiga jami'a ba za ta karɓi ƙaramar kalma ba. Tsawon kalma ba hujja ba ne, kuma sau da yawa amsar kalma mai wuya takan zama gajera wadda kowa ya sani.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne bambancin Turancin da muke ji yau da kullum a Nijeriya da daidaitaccen Turancin da ake jarrabawa a kansa. A rediyo da ofisoshi ana cewa "I have warned him severally" da nufin an yi gargaɗi sau da yawa, amma a ƙamus "severally" tana nufin ɗaya bayan ɗaya, kowa daban. Ana kiran ɗan damfara "dupe", alhali idan kalmar ta zo a matsayin suna tana nufin wanda aka damfara. Mai jin Hausa kuma yana da nasa tarkon na musamman, domin da tushe ɗaya muke cewa "na ari littafi" da "ara mini littafi", shi ya sa "borrow" da "lend" suke cakuɗe masa, kamar yadda "ji" ta haɗa aikin kunne da na hanci da na harshe, har mutum ya ce "hear" a inda "smell" ta dace. Ga kuma kalmomin da surarsu ke yaudara: "invaluable" tana nufin abu mai matuƙar daraja duk da "in" da ke farkonta, "inflammable" tana nufin abin da wuta ke saurin kamawa, "disinterested" kuma tana siffanta wanda ba shi da son rai a cikin lamari, irin yadda ake so alƙali ya kasance, ba wanda abin bai dame shi ba. Dokar nan da ake koyarwa cewa "in" da "dis" suna juya ma'ana tana aiki a wurare masu yawa, amma wanda ya dogara da ita ido rufe zai yi tuntuɓe a daidai kalmomin da masu tsara jarrabawa suka fi so. Irin waɗannan ba su da yawan da zai gagari mutum, ya kamata a ware musu shafi a littafin rubutu, kowacce da jimlarta.

Kusa da wannan akwai rashin kula da ko kalmar yabo ce ko ta zargi. Kowane Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin mai tattali da marowaci, duk da cewa dukansu ba sa sakin kuɗi da sauƙi, kuma irin wannan tazarar ce ke tsakanin "thrifty" da "stingy", ko "firm" da "stubborn", ko "famous" da "notorious". Idan zaɓi biyu suka yi kama har aka rasa na ɗauka, sai a tambayi kai ko marubucin jimlar yana yaba mutumin ne ko yana kushe shi, amsar takan fito daga nan.

A nassin cike gurbi kuskuren da aka fi yi shi ne fara cikewa daga gurbin farko ba tare da an karanta nassin gaba ɗaya ba. Irin wannan nassi yakan tsaya a kan fage guda, kamar kotu ko asibiti ko banki ko noma, kuma kowane fage yana da kalmominsa. Wanda ya gane tun farko cewa ana maganar shari'ar laifi ce zai san cewa wanda kotu ta wanke "acquitted" ake ce masa, ba "forgiven" ba, ko da yake a hirar yau da kullum ma'anonin suna da kusanci. Haka nan wasu kalmomi tare suke tafiya ba don wata doka ba sai don haka masu harshen suka saba, shi ya sa ake cewa "commit a crime" da "make a mistake", kuma ba a musanya su. Wannan ba ya samuwa ta hanyar hadda, yana samuwa ne daga karatu, kuma sharhin edita a jarida irin Daily Trust, idan aka karanta shi kullum da biro a hannu ana kwafe jimlar da sabuwar kalma ta zo a ciki, ya fi jerin kalmomi ɗari da aka tsamo su daga muhallinsu amfani.

Yadda ake yin atisayen kansa ma yana da gyara. Kusan kowane ɗalibi yana da littafin tambayoyin shekarun baya, abin da yawanci ake yi da shi kuwa shi ne a amsa hamsin, a buɗe bayan littafin, a ƙirga maki, a wuce zuwa shekara ta gaba. Makin ba ya koyar da komai, tambayar da aka faɗi ita ce darasin. Ya kamata ga kowace tambayar da ɗalibi ya kuskure, har da wadda ya ci bisa sa'a, ya rubuta jimlar, da abin da ya zaɓa, da dalilin da ya ja shi zuwa gare shi, da alamar da ya tsallake a cikin jimlar. Bayan 'yan makonni zai ga cewa kurakuransa iri biyu ne ko uku suke ta maimaituwa, wataƙila gaggawa a kan sananniyar kalma, wataƙila rashin lura da kalmomin korewa, sai ya san inda zai sa ƙarfinsa. A kuma yi hattara da amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai na kasuwa, domin akan sami kuskuren ɗab'i ko na mai tattarawa, idan amsa ta ƙi shiga hankali sai a koma ga ƙamus ko malami maimakon a haddace ta haka nan. Haddar harafin amsa kuwa, wai tambaya kaza "C" ce, ɓata lokaci ne, tun da kalma ɗaya tana iya dawowa a cikin wata jimla da wata ma'ana dabam.

Sai maganar lokaci. Awa biyu ake bayarwa domin tambayoyi 180, wato idan aka raba daidai kowace tambaya tana da daƙiƙa 40, kuma tambayoyin lissafi ko kimiyyar lissafi da dogon nassin fahimta za su ci fiye da haka, saboda haka tambayoyin kalmomi ne wurin da ya kamata a rage lokaci. Wanda ya saba yin atisaye a kishingiɗe ba tare da agogo ba zai sha mamaki a zauren jarrabawa. A makonnin farko a yi a tsanake domin a ƙware a kan hanyar, amma idan jarrabawa ta ƙarato a riƙa sa agogo, kuma a yi wani ɓangare na atisayen a kan kwamfuta, tun da a kanta ake rubuta UTME, karatu a fuskar na'ura kuma ya bambanta da karatu a takarda ga wanda bai saba ba. Jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta ainihi dama ce mai kyau ga wanda ya sami hali. Idan tambaya ta ƙi ci bayan an karanta ta sau biyu, a cire zaɓin da aka tabbatar ba su dace ba, a ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, a rubuta lambarta a takardar da aka bayar domin a dawo mata idan lokaci ya saura.