Yadda Za A Sa Yaro Ya San Darajar Littafi A Zamanin Waya

A gidaje da yawa waya tana kan tabarma, littafi kuwa yana ƙasan akwati an danne shi da kayan sallah. Abin da hannun yaro ya kai gare shi, shi zai ɗauka. Saboda haka a fara da wuri: a kafa kanta daidai tsayin ƙirjinsa, ko a ware masa kwando, a zuba littattafai biyar zuwa goma, bangonsu na kallon waje. Kada a jibga masa duka. A riƙa canja biyu ko uku duk bayan mako biyu, don wanda ya ɓace ya dawo sabo ne a idonsa.

Sai lokaci. Bayan sallar isha'i, lokacin da a da ake tatsuniya, ya fi dacewa. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. A wannan ɗan lokaci kowa ya ajiye wayarsa a wani ɗaki, har da maigida, domin yaro ba ya jin "je ka yi karatu" daga bakin wanda babban yatsansa ke kan Facebook. Ga ƙanana kuwa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Yadda ake karantawa shi ne gishirin abin. A karanta da ƙarfi, a canja murya, sarki da tasa, dila da tasa, a bar yaro ya buɗe shafi da kansa. Idan labari ya kai inda ya fi daɗi, a rufe, a ce sai gobe. Daɗin labari ne ma dabarar aku a littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937: da labari ya riƙa tsare Musa ɗan sarki har gari ya waye. Labaransa gajeru ne, ɗaya ya isa dare guda. A fara da Hausa kafin Turanci. In yaro yana karantawa ya ci tuntuɓe da kalma fiye da biyar a shafi ɗaya, littafin ya fi ƙarfinsa, a jinkirta shi.

Inda iyaye suka fi yin ɓarna shi ne mai da littafi horo: "Tunda ka yi laifi, kawo wayar, ɗauki littafi." Ko kuma, "Gama shafi uku in ba ka waya." Duk biyun suna koya masa cewa littafi magani ne mai ɗaci, waya ce alewa. Haka nan gidan da babu komai sai littafin makaranta, yaro zai ɗauka littafi da jarrabawa uwarsu ɗaya.

A kai shi kanti ya zaɓa da kansa, ko da zaɓin bai burge ku ba, ya rubuta sunansa da kwanan wata a shafin farko. A duba bugun kafin a biya, don na jabu rubutunsa dishi-dishi ne, shafuka kuma sukan yi tsalle.

Adanawa ba baƙon abu ba ce a wurin yaron da ya ga yadda ake sa Alƙur'ani cikin gafaka. A ɗora a kan wannan tarbiyya. Ya yi wa littafinsa riga da tsohuwar kalanda, ya sa tsinke ko zare a inda ya tsaya maimakon lanƙwasa shafi, kada kuma ya buɗe da hannun miya. A nisanta littafi da ƙasa da bangon laka saboda gara, musamman da damina. In ya jiƙe, a sa farar takarda tsakanin shafukan, a shanya a inuwa, ya kusa bushewa sai a danne shi da abu mai nauyi. Rana tsaka tana sa takarda ta kanannaɗe, gam ɗin ma ya saki.